Muhawara: Ɗan agajin da muka rasa a gobarar kasuwa, da abin da za a yi da gudunmawar da aka tara

Shugaban zaure (Jekadafari):
Assalamu alaikum. An tashi daga zaman makokin ɗan'uwanmu, Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Iyalinsa sun roƙi kada a riƙa yawo da sunansa da hotonsa, don haka mu kiyaye.

Ga waɗanda ba su san shi ba: ba ma'aikacin kwana-kwana ba ne, ba ya karɓar albashin kowa. Mai walda ne. Amma duk inda wuta ta tashi a Gombe, daga Bolari zuwa Pantami, za ka same shi da gudumarsa da almakashin yanka kwaɗo kafin motar kwana-kwana ta iso. A daren da abin ya faru wutar ta kama layin masu katifa da robobi. Aka ce akwai yaron shago da ke kwana a ciki. Ya jiƙa rawani ya rufe hanci, ya shiga ya fito da yaron da ransa. Sai wani ya ce su biyu ne ke kwana. Ya koma, bai fito ba. Daga baya aka gano ɗayan yaron ya tafi gida tun bayan isha'i.

Abu biyu ne a gabanmu. Gudunmawar da aka tara, iyali za a ba duka ko a raba a sayi kayan aiki? Sannan masu sanin aikin su faɗa mana abin da ya kamata a gyara.

Baba Tsohon Kwana-kwana (Tudun Wada):
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta masa. Shugaba, zan fara da abin da masu ɗauko shi suka gani, domin a nan darasin yake. An same shi kusa da ƙofa, a kife, kayan jikinsa ba su ci wuta ba, sai baƙin hayaƙi a hanci da baki. Wato wuta ba ta taɓa shi ba, hayaƙi ne ya kayar da shi. Haka mafi yawan mutuwar gobara take.

Jiƙaƙƙen tsumma yana tare toka, yana ɗan sanyaya numfashi, shi ke nan aikinsa. Ba ya tace guba, kuma ba ya ƙara iskar da wuta ta cinye. Illarsa ma ita ce yana kwantar wa mutum da hankali: tari ya ragu, sai ya ga kamar zai iya ƙara taku biyar. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 21 cikin 100 na oksijin. A rufaffen shago wuta na janye shi, da ya sauko wajen kashi 15 ko ƙasa, ƙafa ta fara saɓa wa mutum, tunani ya rikice, ya kasa gane inda ƙofa take ko da tana gabansa.

Shiga ta biyu ta fi ta farko haɗari nesa ba kusa ba. Gubar da ya shaƙa a karon farko tana nan a jininsa, fitowa ta minti biyu ba ta wanke ta. A kanta ya ɗora ta biyu.

Sista (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Baba ya faɗi daidai, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Iskar da ake kira kabon monoksaid, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jan jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai jinin ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa komai. Soson katifa kuma, da wasu robobi da yadin roba, idan suna ci suna fitar da sinadarin sayanaid, wanda ke hana naman jiki amfani da ɗan oksijin da ya samu. Idan suka haɗu a layin katifa, numfashi kaɗan ya isa.

Don haka duk wanda ya fito daga hayaƙi, a zaunar da shi a fili, a sa mutum ɗaya a kansa, kada a bar shi ya koma ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, dishewar murya, ƙonewar gashin hanci, baƙin majina: kowanne daga ciki, asibiti kai tsaye domin a sa masa oksijin. Maƙogwaron da zafi ya taɓa yana iya kumbura bayan awanni ya toshe. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa cire guba, in ma mutum ya fara fita hayyacinsa shaƙe shi za su yi.

Ɗan Agaji Bolari:
Baba, Sista, da girmamawa, maganar nan ta yi mini nauyi. Mutum ya ba da ransa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, muna lissafa inda ya yi kuskure? Yaron nan yau yana raye a gaban uwarsa. Da an bi dokar "kada ka shiga", da gawar yaron aka ɗauko. Wa ke da tukunyar iskar numfashi a cikinmu? Motar kuma sai ta ratso lungun da aka cike da tebura. A tsaya ana kallo ke nan?

Baba Tsohon Kwana-kwana (Tudun Wada):
Ɗana, zafin da kake ji shi muke ji. Ban ce ya yi laifi ba. Shigarsa ta farko jarumta ce da ta ceci rai, ba mai ƙwace masa wannan. Wanda nake tuhuma shi ne mu da muka bar shi shi kaɗai, ba igiya, ba mai tsaron ƙofa, ba wanda ya tantance labarin yaro na biyu. Ga abin da ya kamata ya kasance a wurin, kuma ba ya cin ko sisi.

Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma shi ba ya ɗaukar bokiti. Aikinsa ya san wa ya shiga, wa ya fita. In aka ce akwai mutum a ciki, a tambayi wanda ya faɗa: ka gan shi da idonka? Yaushe? A wane ɓangare yake kwanciya? A kira wayar wanda ake nema, a tambayi maigadi. Wannan ba ya cin rabin minti.

Kafin a buɗe ƙofar ƙarfe a taɓa ta da bayan hannu, daga ƙasa zuwa sama. In tana da zafi, ko hayaƙi na fita ta ƙasanta yana komawa kamar ɗakin na numfashi, ko ya zama ruwan ƙasa mai kauri, kada a buɗe ta gaba ɗaya. Wutar ciki iska take jira, da ta samu za ta bugo waje lokaci guda. In an shiga kuma aka ga harshen wuta na gudu a cikin hayaƙin da ke sama, zafin silin ya doshi digiri 500 zuwa 600, saura ƙiris duk kayan ɗakin su kama tare. A nan ko mai cikakkun kaya fita yake yi.

Mutum mara tukunyar iska, iyakarsa inda yake ganin wanda zai ɗauko daga bakin ƙofa, da rarrafe, kansa a ƙasa, igiya a ƙugunsa, mutum biyu riƙe da ita. Sau ɗaya. In ba ka ganin ƙafarka saboda hayaƙi, ba wurinka ba ne. Kuma sau da yawa hanya mafi kusa ba ƙofa ba ce: shagunan kasuwarmu bulo ne mai rami, guduma mai nauyi tana huda bangon baya daidai inda mutum ke kwance cikin ɗan lokaci, a jawo shi ba tare da kowa ya shiga ba. Sai dai a sani hudar ma iska ce ake ba wutar, don haka a yi ta ƙasa-ƙasa, ruwa na tsaye a hannu.

Malam (limamin masallacin layi):
Allah Ya saka wa Baba. Ɗana na Bolari, ka kwantar da zuciyarka. Ya zo a hadisin Jabir bin Atik, a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sunan Abi Dawud, cewa wanda gobara ta kashe shahidi ne, haka wanda gini ya rufta wa. Muna yi masa wannan fatan, ga kuma ayar Suratul Ma'ida cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. Amma Alƙur'anin da ya faɗi haka shi ne ya ce a Baƙara kada mu jefa kanmu cikin halaka. Koyon yadda za a yi ceto a fito da rai ba rage masa daraja ba ne.

Tunda an yi ta tambaya a wajen jana'iza: irin wannan shahidi ana yi masa wanka, a yi masa sutura, a sallace shi. In jiki ya ƙone har cuɗawa za ta saɓule fata, a kwarara ruwa kawai. In hakan ma zai ɓata, a yi masa taimama.

Injiniya mai wayarin (Herwagana):
Allah gafarta Malam, mun gode. Ni abin da ke tsorata ni a kan 'yan agajinmu shi ne lantarki, domin shi ne na gaba da zai ɗauke mana wani. A da in aka cire fis ɗin layi an gama. Yanzu shago ɗaya na iya samun wuta ta hanya uku: ta kamfanin lantarki na JED, ta janareton haya da ake rabawa layi, da ta sola. Ka kashe ɗaya, biyu na nan.

Tsarin shi ne: a kira JED su yanke layin, a kashe janareton layi a zare wayarsa gaba ɗaya, sannan a kashe inbata a cire kan batir in ana iya kai wa gare shi ba cikin hayaƙi ba. Faifan sola kuwa ba ya kashuwa. Muddin akwai rana yana ba da wuta, kuma in an jera su da yawa ƙarfin na kai ɗaruruwan bolt. Wayar da ta sauko daga rufi, robarta ta narke, ta taɓa kwano, duk kwanon ya zama tarko. Kada a hau rufin da ke da sola, kada a jingina tsanin ƙarfe, kada a sari wayar da gatari. Wayar da ta faɗi ƙasa kuma a ɗauke ta a matsayin mai rai, a ja da baya mita 10, musamman da yake ƙasan wurin ta riga ta jiƙe.

Tushen wutar dare a kasuwa kuma sanannu ne: an ɗauke wuta da yamma, an rufe shago an bar hita ko dutsen guga a kunne, an dawo da ita tsakar dare. Ko kuma waya mai kaurin 1.5 da aka yi don ƙwan fitila an ɗora mata firiza. Soket yana buƙatar 2.5, kuma ta jan ƙarfe ta gaskiya. Kowane layi ya sami makunni ɗaya a waje, cikin akwati, wanda maigadi zai sauke in an tashi kasuwa.

Mai tankar ruwa (hanyar Dukku):
Jama'a na zagin 'yan kwana-kwana wai sun zo ruwa ya ƙare. Ku yi lissafi. Mota mai ɗaukar lita 5,000, tiyo ɗaya na fitar da kamar lita 500 a minti, minti 10 ke nan ta ƙare. In an buɗe tiyo biyu, biyar. Daga nan sai ta tafi ɗibo, wuta kuma ba ta jira, balle da hunturu, iska na kaɗawa kaya sun bushe ƙayau.

In za a sayi wani abu, shawarata tankunan roba na lita 5,000, a ajiye a bakin layukan da suka fi haɗari, a cike, a rubuta na gobara ne, ba na alwala ko wanki ba. A haɗa da injin ban-ruwa irin na masu noman rani a Dadin Kowa. Mai inci 2 na iya ba da wajen lita 500 a minti in ba nisa. Ƙarfinsa bai kai na mota ba, amma ya isa a jiƙa shagunan da ke maƙwabtaka, kuma motar na iya zuƙa daga tankin. Inda ake faɗuwa: a ajiye inji wata shida ba a tayar ba, fetur ya lalace a kafireto, ranar buƙata ya ƙi tashi. A tayar da shi duk Juma'a, a tabbata an cika gidan famfon da ruwa kafin a ja igiya, in ba haka ba iska zai yi ta zuƙa.

Hanya kuma. Motar na buƙatar fili kamar mita 4. Teburan da ke toshe mashiga da dare su ne rabin matsalar.

Baba Tsohon Kwana-kwana (Tudun Wada):
Na goyi bayan tanki da inji. Ban goyi bayan a sayo wa 'yan agaji tukunyar iska ba, na ga wasu sun kawo shawarar ta bayan fage. Tukunya mai lita 6 da aka matse wa iska har "bar" 300 (ma'aunin matsi) tana ɗauke da iska kamar lita 1,800. A takarda minti 45 ne, amma mai aiki cikin zafi da tsoro yana shanye ta a minti 20 zuwa 25. Tana buƙatar injin cikawa na musamman, da gwaji, da fuska mara gemu a inda robar ke kamawa, in ba haka ba hayaƙi na shiga ta gefe. A hannun wanda bai sami horo ba, za ta kai shi ciki ne fiye da inda zai iya dawowa.

Abin da ɗan agaji ke buƙata: hular kwano, takalmin roba mai ƙarfe a ƙasa saboda ƙusa, safar hannu ta fata, tocila, igiya mita 30, usur, da tufafin auduga. Rigar ƙwallo da yadin roba narkewa suke su manne da fata. Sai tukunyar kashe wuta ta hoda mai kilo 9. Ku sani wajen daƙiƙa 20 kawai take yi tana fesawa. A zare fil, a tsaya taku uku baya, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa sharewa hagu da dama, ƙofa na bayanka. A duba allurarta na kan kore, a riƙa juya ta duk wata don kada hodar ta dunƙule.

Abu uku da ke kashe na waje ma. Bango: wanda ya sha wuta yana faɗowa waje, a tsaya nesa da shi tsawonsa ɗaya da rabi. Tukunyar gas: in wuta na lasarta a watsa mata ruwa daga bayan wani gini, in ta fara ƙara mai tsini a bar wurin. Mai: kada a zuba ruwa a man gyaɗa ko fetur mai ci. Lita ɗaya ta ruwa na zama tururi kamar lita 1,700, shi ke watsa man a fuskar mutane. Murfi, ko yashi, ko jiƙaƙƙen bargo da aka matse.

Hajiya mai atamfa:
Baba, duk na ji, kuma gaskiya ne. Amma ni ina kan maganar farko. Kuɗin nan da sunan marigayi aka tara, mutane sun bayar ne saboda marayu. Matarsa na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita neman abinci. Ga haya, ga makaranta. A ɗebi kuɗin marayu a sayi tanki? Ban yarda ba. Mu 'yan kasuwa da ya mutu yana kare dukiyarmu mu ya kamata mu sayi tanki daga aljihunmu. Kuma kada a damƙa kuɗin a dunƙule a watse. A biya hayar shekara, a biya makaranta kai tsaye, a sa abinci duk wata, injin waldarsa a ba amintacce haya ana kai wa gidan.

Malam (limamin masallacin layi):
Hajiya ta fi mu gaskiya. Abin da aka tara da sunan iyali amana ce, ba a juya shi zuwa wani aiki sai da yardar waɗanda suka bayar. Injin walda da kayan shagonsa kuwa gado ne, sai an biya bashi an raba, ko magada su yarda a bar shi yana aiki, a rubuta da shaidu.

Ma'aikacin ofis (Federal Low Cost):
Ƙarin dalilin da ya sa Hajiya ke da gaskiya: iyalinsa ba su da wata ƙofa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma na biyan wanda ya mutu a bakin aiki. Duk don mai takardar ɗaukar aiki aka yi su. Ɗan sa-kai ba ya ciki. Ƙungiyar kasuwa na iya rubuta sunayen 'yan agajinta, ta kai wa hukumar kashe gobara ta jiha don a san da su a horar da su, sannan ta saya musu inshorar haɗari ta rukuni.

Ranar 4 ga Mayu da duniya ke tunawa da masu kashe gobara ma daga 'yan sa-kai ta samo asali: mutum biyar da wutar daji ta rutsa da su a Linton ta ƙasar Ostareliya a Disambar 1998, bayan iska ta juya musu. Ina ba da shawarar mu sa horonmu na shekara a wannan rana, a ƙara wani a watan Oktoba kafin hunturu ya shigo.

Ɗan Agaji Bolari:
Baba, na karɓa. Mu goma sha wani abu ne da ke fita tare da shi, kuma za mu zo horon. Roƙona ɗaya: mai ba da umarnin nan ya zama wanda 'yan kasuwa za su ji maganarsa. In ya ce kada a shiga, mai shago na kuka yana cewa dukiyarsa, matasa ba za su iya tsayawa su kaɗai ba. A sanar a masallaci cewa ba mai tura ɗan wani cikin hayaƙi saboda kaya.

Sista (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
A sa taimakon farko a horon. Ƙuna: ruwa mai sanyi na kwarara minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba baƙin mai. Wanda ba ya numfashi: danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, hura sau 2, a ci gaba har a isa asibiti. Red Cross na koyar da wannan, sai an gwada da hannu ake iyawa.

Shugaban zaure (Jekadafari):
To, gudunmawa ta iyali ce gaba ɗaya. Hajiya da Malam da mutum ɗaya daga dangin marigayi su riƙe ta bisa tsarin da Hajiya ta kawo. Tanki da inji za a buɗe musu asusu dabam, shugabannin layuka su kawo adadin shagunansu kafin Alhamis. Injiniya, a zagaya da kai a ga inda makunnin kowane layi zai zauna. Lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa da 112 za a rubuta su da fenti a kowace mashiga. Baba, wace rana za ka iya raka mu hukumar kan maganar horo?

Baba Tsohon Kwana-kwana (Tudun Wada):
Litinin da safe, in Allah Ya kai mu. Ku zo da sunayen yaran da girman takalmin kowa.